Sai a Kwance

Ƙofar Galadima, Zariya.

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya hidimar bikin 'yarmu Salma? Allah ya sanya alheri.

Inna ta ƙwace wayata saboda hawan jini, shi ya sa na saka wannan takarda a kwandon da kika aiko da atamfar anko. Na gode ƙwarai. Amma Yaya, ba zan samu zuwa ba. Kin san ɓari uku na yi a gidan ƙanenki Suhaib. Wannan karon likita ta ɗaure mini bakin mahaifa da zare, ta ce sai a kwance har wata tara. Yanzu muna na shida.

Ko salla a kan gado nake yi. Atishawa ma tsoro take ba ni. In cikin ya yi shiru sai in dafa shi in yi ta lallashi har ya motsa. Ina jin mata suna wucewa ta lungunmu, wallahi har ƙyashin ƙafafunsu nake yi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Munira

*

Gyallesu.

Munira,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta wa 'yan'uwa, an sha dariya.

Ikon Allah! A kanki aka fara ciki? Ni da na haifi bakwai, ina kan turmi naƙudar Ashiru ta kama ni. Kaza ma in tana kwanci takan tashi ta yi kiwo, ita kuwa tana ƙyanƙyashewa. Ke shekara biyar, ko ɗan tsako ba mu gani ba.

Kuma da hannunki kika rubuta cewa an ɗaure, likita ta ce sai a kwance. To madalla, bakinmu ɗaya da ita. Mu a gidanmu abin da aka ɗaure kwance shi ake yi. Ga jiƙo nan a gora, ki sha safe da yamma. Ranar kamu kuma in gan ki cikin anko, in har kina ɗaukar kanki matar gidan nan.

Ki gaida Innarki mai jinyar lafiyayyu.

Rabi

*

Yaya Rabi,

Salama da gaisuwa. Haba Yaya! Shekara nawa kina koyar da Hausa a makaranta? Kin fi ni sanin kwanciya nake nufi, ba kwance ɗauri ba. Jiƙon kuwa, Inna ta zubar da shi.

Jiya Suhaib ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ce kin rantse in ban zo ba, ba shi ba ke, kuma ke kika riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarku. Wai a mota zai kai ni, in gaisa in dawo. Kin san ramukan hanyar nan. Inna tana kuka, amma ta ce ba za ta kashe mini aure da bakinta ba.

Don girman Allah ki janye rantsuwar. Tsoro nake ji, Yaya. Wannan yana shuri da ƙarfi, sauran ba su kai haka ba.

Mai neman alfarmarki,
Munira

*

Munira,

Bayan gaisuwa. To ga shi kin zo, sama ba ta faɗo ba. Sai dai ko biki ba za ki bari a yi cikin daɗin rai ba. Ana tsakiyar kamu kika tara mana jama'a, aka kwashe ki kamar buhun masara, amarya ta koma 'yar kallo. Kujerar da kika zauna a kai ta jeren Salma ce, sabuwa fil, kuma jinin ya ƙi fita. Dangin ango sun gani.

Suhaib ba ya ɗaukar wayata. In ke kika hana shi, ki sake shi.

Allah ya sawwaƙe.

Rabi

*

Rabi,

Salama.

Likita ta kwance zaren, kamar yadda kika so. Namiji ne. Ya yi numfashi har babansa ya yi masa huɗuba, da sunan mahaifinku, Inuwa.

Ga ankonki nan. Na wanke shi da hannuna, tunda yanzu ina iya tashi.

Inuwa ne a kwance. Shi kam babu mai tashinsa zuwa biki.

Munira