Zeron da Aka Rubuta Mini a Filin Langa

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke zaɓen 'yan langa na yankinmu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida sauran dattawan kwamiti, da fatan an ga amfanin damina lafiya.

Sunana Isufu, manomin gero da gyaɗa ne ni a Gaffati, amma mako biyar ke nan ba mai kirana da sunan yanka. Zero ake ce mini. Yau zuciyata fari ƙal take, domin jiya na ga sunana cikin waɗanda za su wakilci yankinmu. Na gode. Sai dai kafin daɗi ya mantar da ni, akwai maganar da nake son in faɗa a fili, tunda a fili aka kunyata ni.

Saboda masu karatu da suka manta wasan, ga yadda yake. Kowa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya riƙe ɗayar ta baya. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa: in ya kai wurin sha ba a kayar da shi ba, an ci. Ni aikina tun ina saurayi shi ne tsaron ruwa. Yanzu shekarata ashirin da tara, gwiwar dama ta fara yi mini magana, na kuma sani in bana ban sa rigar yanki ba, ba zan ƙara samun dama ba.

Na ɗaya. Ranar zaɓe a Damagaram kun zo da sabon tsari. Sakatarenku ya zauna bakin fili da takarda da alƙalamin bik, duk wanda ya kayar da mutum a ja masa layi. Ban ƙi tsarin ba, don ya fi zaɓen ɗan wane da muka saba gani. Amma abu guda kawai takardar take ƙirgawa. Wasa uku na yi, ban kayar da kowa ba, ruwanmu kuma bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Da yamma aka karanta sakamako da lasifika, aka ce: "Isufu na Gaffati, zero." Fili ya ɗauki dariya. Kafin motar da na shiga ta sauke ni, sunan ya riga ni isa gida. Har mai ɗakina Hadiza, da ta ga na ɓata rai, sai ta ajiye mini tuwo tana cewa, "Ci, maigida, kada nan ma a rubuta maka zero." Na yi dariya don dole. Mahaifina kuwa, wanda shi ya koya mini tsayuwar langa, ya daina fita majalisar bakin masallaci bayan la'asar. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar. Me ya sa ban kayar da kowa ba? Domin ba wanda ya zo. 'Yan Mirriya sun san ni, 'yan Gouna sun san ni. Da sun hango inda na tsaya sai su canza hanya, ko su turo mini mutum biyu su tsare ni, wanda hakan ke bar wa abokin wasana fili ya yi ta kisa. Shi aka ja wa layuka, ban kuma yi masa hassada ba. Amma ranka ya daɗe, kai ma ɗan manoma ne. Shingen gona ba a auna shi da yawan awakin da suka maƙale a ciki, da geron da ya tsira ake auna shi.

Na uku. Asabar da ta wuce kuna neman waɗanda zaɓaɓɓunku za su gwada ƙarfi da su a Mirriya, sai kuka tattaro mu, mu da aka zubar. Wallahi da farko na ce ba ni zuwa. Tsohona ne ya ce, "Tafi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Abin da ya faru ka gani da idonka. Da an busa usur sai zaɓaɓɓunku su ruga gaba gaba ɗaya, kowa na farautar layinsa a takardar sakatare, su bar ruwansu Lawali shi kaɗai yana waige-waige. Ba laifinsu ba ne, abin da kuka nuna musu kuna so shi suka ba ku. Mu kuwa, ni da Mamman Sani na Gouna muka sa ruwanmu a tsakiya, muka yi ta raka shi yana sha, har shi kansa ya fara jin kunya. A ƙarshe Lawali ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce da ƙarfi, "Ni dai a ba ni Zero, ko a nemi wani ruwan." Na leƙa takardar sakatare bayan an tashi. Ran nan ma zero ya rubuta mini.

Na ji an ce a daren zamanku kai da kanka ka sa aka mayar da sunana. Babba ne kawai ke iya gyara kuskurensa a gaban jama'a, ban kuma raina wannan ba. Jiya mahaifina ya sa babbar rigarsa ya koma majalisa, bai dawo ba sai da aka kira magariba.

To amma takardar tana nan yadda take, shi ya sa nake roƙon abu uku. A ƙara mata gurabe: sau nawa ruwan mutum ya faɗi yana cikin fili, sau nawa abokan karawa suka kauce wa gefensa, sau nawa aka haɗa masa mutum biyu. Sakatare ɗaya ba zai iya ganin wannan duka ba, a haɗa shi da wani tsohon ɗan wasa da ya san abin da yake kallo. Sannan a daina karanta sakamakon mutum da lasifika kafin a ji ta bakinsa. Na ƙarshe shi ne Mamman Sani. Tare muka yi aikin nan, kafaɗa da kafaɗa, ni an ɗauke ni don Lawali ya ambaci sunana, shi ba wanda ya ambace shi. Ya ce mini ya bar langa, zai tafi ci-rani bayan kaka. Don Allah a sake duba shi kafin ya shiga mota.

Sunan Zero kuwa na san ya zauna, ko jikokina da shi za su san ni, kuma na karɓa. Roƙona dai ku buɗe gurbin da ya ce "sau nawa ruwansa ya faɗi", ku rubuta mini shi a can.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa mu dawo wa yankinmu da farin labari.

Wassalam.

Isufu, mai tsaron ruwa,
Gaffati.