Ɗalibata Ta Tsinka Ni A Gaban Malamai

Hajiya Zara'u, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mani. Kwana tara ke nan ko abinci ba ya yi mani daɗi.

Ni malamin lissafi ne a wani koleji da ke yankin Tasawa, shekara ashirin da uku ina riƙe da alli. Akwai yarinyar da na koyar tun shigarta koleji har ta ci birebe, jarrabawar kammala koleji, bari in kira ta Shamsiyya. Yanzu tana jami'a, tana bincike a kan yadda yara ke fahimtar lissafi. Bayan an dawo daga hutu ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Mushe (haka ɗalibai ke kiran malami a nan), ina son in zauna ajinka in ga yadda darasi ke tafiya. Na ji daɗi, har tutiya na riƙa yi da ita. Sati uku tana bencin baya da littafinta, in an tashi ta riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya gindin itacen bedi tana yi masu tambayoyi.

Sai ranar taron malaman lissafi a Tasawa aka ba ta dama ta yi bayani. Ba ta faɗi sunana ba, amma ta haska hoton allona a bango, kuma duk yankin nan babu malamin da bai san rubutuna ba. Ta ce ta tambayi yara tamanin da ɗaya a takarda, da Faransanci, wanne ya fi girma tsakanin ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas. Hamsin da biyu suka ce ɗaya bisa takwas, wai don takwas ta fi huɗu. Da ta juya tambayar da Hausa, ta ce gona guda ce, a raba wa magada huɗu ko a raba wa takwas, ina rabo ya fi tsoka, ko yaro ɗaya bai kuskure ba. Ta ce yaran sun haddace ƙa'ida, ba su san abin da take nufi ba. Abokin aikina Mai Nasara, wanda muka fara aiki shekara guda da shi, ya juyo ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Matasan malamai kuwa sai murmushi.

Hajiya, ita ta taɓa tsayawa gaban yara tamanin, wasu a ƙasa, littafi ɗaya mutum biyar? Ta san ana bin mu a ga ko mun ƙare abin da aka tsara kafin jarrabawa? Ni na ce a koyar da lissafi da Faransanci? Kuma in koyarwata banza ce, ita a hannun wa ta koyi lissafin da take taƙama da shi?

Yanzu ta aiko da takarda, wai jami'a na son sa hannuna kafin ta gabatar da aikinta ƙarshen wata. Niyyata in ƙi, in kuma rubuta wa malaminta na jami'a cewa ta ci amanata. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ran Litinin na rubuta tambayar nan da Faransanci ga ajin da za su zauna birebe bana. Fiye da rabi suka faɗi. Na goge allo na fita, kuma tun ranar fushina ƙaruwa ya yi.

Malami mai ɓacin rai, daga yankin Tasawa

Malam, ka yi gaskiya da ka yi fushi. Shamsiyya ta yi kuskure babba. Wanda ya buɗe maka ajinsa, shi ya kamata ya fara jin abin da ka gano, a keɓe, kuma haska allonka daidai yake da kiran sunanka. Ƙuruciya da ɗokin aiki ba su wanke ta ba.

Amma ka raba abu biyu. Yadda ta faɗa laifi ne, abin da ta faɗa kuwa kai da kanka ka gwada ka gani. Ina jin shi ya fi ci maka rai, kuma ba ta da hannu a ciki. In ka hana sa hannu, shekararta za ta lalace, mutane su ce tsoron gaskiya ka ji, yaranka kuma su shiga jarrabawa yadda suke.

Kada ka rubuta wa malaminta. Ka kira ta gida, ka faɗa mata ɓacin ranka ba tare da rage komai ba. Ka gindaya sharaɗi kafin ka sa hannu: ta cire hoton da duk abin da zai nuna kai ne, ta rubuta yawan yaran da ƙarancin littattafai, ta kuma ba ka haƙuri a gaban waɗanda ta tsinka ka a gabansu. In ta ƙi, kana da hujjar riƙe alƙalaminka.

Sannan ka lura da abin da fushi ya rufe maka: duk yaran sun ci tambayar da aka yi masu da harshensu. Ba daƙiƙai kake koyarwa ba. Ka ɗauki minti biyar a farkon darasi ka fara da abin da suka sani a gida da kasuwa, sannan ka kai su ga ƙa'idar. Watannin da suka rage kafin birebe sun isa ka ga bambanci.

Malamin da ya koma aji ya gwada kansa ba tare da kowa ya sa shi ba, bai gaza ba. Allah Ya huci zuciyarka, Ya ba yaranka sa'a.

Hajiya Zara'u