Cincin Ɗin da Bai Shiga Nursery Ba

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar Jumma'a Ummi ta yi sallama da makarantarta ta nursery da ke nan unguwar Gorton. Tun rasuwar Abbanta kuɗin hayar flat ɗin da muke ciki ya fi ƙarfina, za mu koma Birmingham wajen Kawu Bala.

Akwai malamarta, Karen. Lokacin da nake takaba, ita ke rungume Ummi duk sanda ta tsaya bakin ƙofa tana jiran Abba ya zo ɗaukarta. Har kitso ta koya saboda ita. Na so in yi mata alheri, ga shi ba hali. Sai na yi irin tamu, na wuni ina soya cincin, na cika kula.

Da na kai, manajarsu ta tambaye ni da wane mai na soya. Na ce man gyaɗa mana, har da alfaharina. Ta ce in yi haƙuri, akwai yara masu allergy da gyaɗa ke yi wa illa, ko ƙofa ba zai wuce ba.

Yaya, a bus stop na zauna da kula a cinya, Ummi na gefena, ina hawaye. Sai ga Karen ta tashi daga aiki. Ta zauna, ta buɗe da kanta, ta ci. Can ta ce mini a hankali, "Ki gaya wa sabbin malamanta, kada su tambaye ta wa zai zo ɗaukarta."

Ki sa mu a addu'a, har da Karen. Ki gaida Inna, amma kada ki ce mata na yi kuka.

Ƙanwarki,
Rabi