Gurbin Kawu Sani

Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Ikko? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Ƙaura lafiya lau, gero har ya fara fitar da kai.

Wani abu ne ya hana ni sakat. Malaminmu na darasin rumbun bayanai a jami'a ya ce kowa ya gina nasa a kwamfuta, ni kuwa na zaɓi zuri'ar gidanmu. Kowane suna da gurbi a gabansa: mai rai ko marigayi. Da na zo kan Kawu Sani, hannuna ya tsaya. Tun ranar da ya hau babur zuwa Galadi, ba gawa, ba labari. Sai na bar gurbin ba komai.

Na ce kwamfuta ta kawo masu rai, ta jero su, babu shi. Na ce ta kawo mamata, nan ma babu shi. Amma da ta ƙirga gidan duka, yana ciki.

Na ba Inna labari tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ashe kwamfutar ta fi ku hankali. Kar ki taɓa wa ƙanena wuri."

Malam kuma ya ce sai na cike gurbin zai duba aikin. Kai ne babba, me zan rubuta?

Ka gaida kowa. Ka sa mu a addu'a, shi ma ka sa shi, ko da yake ban san wacce za ka yi masa ba.

Ƙanwarka,
Hadiza