Kwana Biyar Ba Wanka

Zuwa ga Yaya Lawwali,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Allah ya tsare ka da hayaniyar Ikko, ya sa albarka a aikin sauke simintin nan. Baba da Dada suna lafiya lau, gero ya yi kyau, jar saniyarka ma ta haihu.

Bayan haka, Yaya, ina cikin takaici, kuma ni na ja wa kaina. Ƙungiyarmu ta samarin Faskari ta shirya wasan kwaikwayo kan tsafta. Aka ce Almu ɗan Alhaji Mani ya fito a Ƙazami, wanda duk dariyar wasan tasa ce, ni kuwa duba-gari, magana uku kacal. Wallahi kishi ya ci ni, don Suwaibatu da nake nema za ta zo kallo, ga shi dama Almu ya ishe ni da shawagi a ƙofar gidansu da sabon kekensa.

Sai na ta da gardama, na ce shafa toka da gawayi yaudara ce, duk mai fitowa Ƙazami sai ya yi mako ba wanka ba wanki. Na san Almu ɗan gayu ne, ba zai iya ba. Aka yi ta musu. Wasu suka ce wasa ai wasa ne, na kafe. Shugabanmu Malam Sanusi ya ce alwala ba mai taɓa ta, kuma a mai da shi kwana biyar don kada Juma'a ta shiga. Almu ya yi murmushi, ya ce ya bar mini, mu yi musanya. Har tsalle na yi!

Ranar wasa na fito, ƙuda na bi na. Shi ko ya fito cikin kaki mai guga, da hular kwano, yana ƙamshi. An yi dariya kam, amma ni ake wa. Da aka tashi na je gaishe da Suwaibatu, ta toshe hanci da mayafi ta ja baya. Ina tsaye Almu ya turo kekensa ya raka ta gida.

Don Allah ka aiko mini da sabulu da turare, mai tsadar, wanda ya fi nasa. Ka gaishe da Kawu Sha'ibu da Inna Talatu, amma kada ka ba su labarin nan.

Naka ƙane,
Harisu, wanda yanzu har Dada ke kira Ƙazami.