Karatun Yayana Ne Zai Kai Ni Ingila

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni cin abinci. Kada ka buga sunana.

Ni ɗan Sakkwato ne, gidanmu na kusa da Hubbare. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin Ibadan, ina karanta tarihi, in Allah ya yarda zan fito da digiri bana, shekarar mulkin kai. Tun ina ɗan shekara tara anka sa ni boko, saboda haka Larabcina bai wuce na salla ba. Yayana Siddiƙu shi ya zauna gaban Baba ya yi karatun littattafai. Baduku ne a kasuwa, ko baƙin boko ɗaya bai sani ba.

Hutun bara anka ce kowa ya rubuto wani abu a kan tarihin garinsu. Na roƙi Yaya, ya buɗe gafakar kakanmu, ya fito da wasu tsofaffin wasiƙu na Larabci. Wata guda cur, kullum bayan la'asar sai ya ajiye basilla ya karanta mini, ya fassara, ya gaya mini wa ya rubuta wa wa da abin da ya haɗa su, ni ko ina ta zubawa da Turanci. Da munka koma na miƙa wa malaminmu Bature. Ya karanta, ya kira ni ofis, ya ce bai taɓa ganin ɗalibi mai zurfin Larabci irina ba. Wallahi na buɗe baki zan ce ba ni ba ne, sai daɗin yabo ya kama ni, na fasa. Kai, tir da ni!

Yanzu ya nemo mini gurbin ƙaro karatu a Ingila, shekara uku, a kan irin waɗannan takardu, kuma yana jiran amsa kafin ƙarshen wata. Labari ya kai gida. Abin da ya fi kashe ni, Yaya da hannunsa ya ɗinka mini jakar jan fata, yana nuna wa 'yan kasuwa, wai ƙanensa za shi Ingila. Da na je gida hutu ya miƙo mini, na karɓa na kasa kallon idonsa.

In na tafi, ranar da anka ajiye mini takarda ta fari asirina ya tonu. In na ƙi, ga aikin gwamnati a Kaduna ana neman 'yan Arewa ido rufe, in shige ba wanda ya ji. Amma ina son karatun nan, Malam, ina sonsa ƙwarai. Yaya zan yi?

Ɗalibi Mai Jin Kunya, Sakkwato

Ɗana,

Ka yi laifi, ba zan shafa maka mai a baki ba. Amma ba duka aikin ne na aro ba. Kai ka san abin tambaya, kai ka tsara, kuma wannan ma ilimi ne.

Aikin Kaduna ba abin rainawa ba ne, ƙasa na bukatar irinku yanzu. Sai dai kai ba don ƙasa kake hangensa ba, maɓoya kake nema, kuma kunya za ta bi ka har ofis. Ingila kuwa da ƙarya ba ta tafuwa.

Ka je wurin malaminka a makon nan, ka faɗa masa komai, ka sa sunan Malam Siddiƙu a kan takardar. Ka roƙi a ɗaga maka tafiyar shekara guda ka koyi Larabci. Mai yiwuwa a yarda, mai yiwuwa gurbin ya kuɓuce. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba hannuna yake ba.

Kafin nan ka rubuta wa Yayanka da ajami. Ya san ba ka iya Larabci ba, ai shi ya yi wata yana karanta maka. Abin da bai sani ba shi ne ka bar sunansa a waje, kuma gara ya ji daga gare ka. Ka nemi gafararsa, sannan ka roƙe shi ya karɓe ka ɗalibi, ka zauna a ƙasa gabansa kamar kowa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa albarka a karatunku kai da shi.