Kalar Man Motar Dogo

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da mijin nan nawa mai ƙiriniya da ba ya barin kowa barci. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta gajiya da yi mini tsiya.

Na zaɓi takarda ne saboda waya ba ta da sirri a gidan nan. Ka san kunnen babanku, ko raɗa aka yi a kicin yana ji daga zaure.

Maganarsa ce ma ta sa na rubuto. Kana tune da karatun da yake yi muku a gareji tun kuna yara, wanda ni da ban taɓa riƙe sifana ba ma na haddace: kalar baƙin mai ba ta faɗin lafiyarsa. Mai yakan yi baƙi ƙirin alhali yana kan aikinsa, dattin inji ne ya kwaso. Motar gas kuwa a yi mata juye yau, gobe man ya koma gawayi. Wani kuma ka gan shi garau kamar zuma, alhali ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa in ya zaro gejin auna mai sai ya murza man a yatsa, ya shinshina, ya tambayi direba irin tafiyar da ya yi tun juyen baya.

To, makon jiya amininsa Baba Dogo mai bas ya zo da hantsi, lokacin da ya san babanku yana gareji. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna bakin ƙofar kicin ya fito da 'yar kwalba daga aljihu. Na ɗauka shayi ne da madara. Ya ce man injinsa ne. Wai ya kai wa babanku motar, ya ce masa mai ya sauya kala. Babanku ya murza, ya shinshina, ya yi masa wa'azin nan nasa, ya ce ya je ya ɗauki fasinja. Ashe ruwan lagireto ne yake shiga cikin mai. Inji ya buga masa a hanya, mota cike da mutane.

Dogo bai zo kawo ƙara ba. Ya ce mini, "Yaya, duk kala babu ruwansa da ita sai wannan. Da bakinsa ya koya mini cewa in na ga mai ya yi fari-fari in kashe inji nan take. Wallahi mutumin nan bai gani ba ne."

Sai na tuna yadda yake bugun kafaɗa da ƙyauren ɗaki, da kofunan da yake turewa in suna gefensa, yana faɗa wai ni ke sauya wa kaya wuri. Na tuna ya daina tuƙi, yana cewa tafiyar ƙasa motsa jini ce. Ni kuma ina ta yi masa dariya ina cewa tsufa ya zo da ɓarna.

In na ambaci asibiti sai ya ce shi ba mota ba ne da za a ɗaga masa bonet. Kai kaɗai yake jin kunyar musa wa. Ka daure ka zo ka kai shi a duba idon nan.

Ka gaishe da mutanen gidan.

Mahaifiyarka.

*

Autana,

Ina gaishe ka, ina fatan zazzaɓin yaron ya sauka. Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka.

Ka ce ka kira babanku a wayar da ake ganin fuska, ka duba idonsa da kyau ka gan shi tar, babu yana, babu ja, don haka a bari sai ka sami hutu. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ni ma kullum ina kallon idon nan, fari tas, ya fi nawa kyau. Amma ni nake share fasassun kofuna.

Gareji ya yi sanyi. Dogo bai gaya wa kowa ba, sai dai direbobi ba yara ba ne, sun ga inda aka ja motarsa aka kai, suka bi. Babanku ya ɗauka cin amana ne. Mutumin da suka yi ƙuruciya tare, yanzu in Dogo ya yi masa sallama sai ya amsa a daƙile ya juya baya. Dogo kuma ya haɗiye, ya gwammace a kira shi butulu da ya faɗi abin da zai karya shi.

Jiya na kai masa abincin rana da kaina. Na tarar da shi zaune kan tsohuwar taya yana goge sifanu masu tsabta, yana jera su a allo da lalube. Da ya taso tarbata, ƙafarsa ta sauka dab da bakin ramin da ake shiga duba ƙasan mota. Na yi salati, ya ce in daina yi masa ihu a wurin aiki, ramin da shi ya haƙa ba zai cinye shi ba. Ban iya cin komai ba da na dawo.

Ina jin tsoro, Auta. Ban saba faɗa maka haka ba, amma ina jin tsoro, kuma na gaji da jinsa ni kaɗai. Hutu ba ya gudu, ido kuwa ban sani ba.

Mahaifiyarka.

*

Autana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mun je asibiti, kada ka wahalar da kanka neman izini saboda wannan.

Da na ga shiru daga wajenka, sai na ɗauko kwalbar Dogo na ajiye a gabansa bayan karin kumallo. Ya laluba ya ɗauka, ya kai ta saitin fuskarsa yana juyawa, ya buɗe ya shinshina. Ya tambaye ni ta wace mota ce, na faɗa masa, na faɗa masa kalarta. Daga nan ya ce in ɗauko masa hularsa.

Na tafi ina addu'a Allah ya sa yana ce, a kankare a huta. Likita ta ce ba ita ba ce, hawan jinin ido ne. Yana cin jijiya a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, ido kuma yana nan garau a waje. Na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma riƙewa za a gwada.

Babanku ya yi 'yar dariya ya ce mata, "Ai 'yata, ni na fi kowa sanin wannan. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane kada su yarda da abin da ya yi garau." Ita ta yi murmushi, ni na fita waje na yi kukana.

Daga can bai yarda mun wuce gida ba, sai tasha wurin Dogo. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga babanku ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, Dogo yana share fuska da hannun riga. Sannan ya sa aka buɗe masa bas ɗin da aka gyara, ya zaro geji, ya murza, ya shinshina. Sai ya miƙo shi wajen da yake zaton ina tsaye, ya ce, "Duba mini, wace kala ce?" Ina ta ɗaya gefen. Na zagayo a hankali na ce masa baƙi ne. Ya ce to madalla, yana aiki.

Ya rufe gareji, makullin yana ƙarƙashin matashinsa. Kullum da safe in na ɗiga masa magani sai ya tambaya ko ka faɗi ranar zuwa. Na ce masa kana jiran hutu, ya ce kada in matsa maka, aiki gaba yake.

Ni dai zan matsa. Ka zo da yaron, kada ka sake duba idon babanku ta waya ka ce mini lafiya lau. In ka shigo kuma ka tsaya daidai gabansa, kusa sosai, don in ka tsaya a gefe ba zai san ka iso ba.

Mahaifiyarka.